Yadda garkuwar jiki ke bambance ɗan gida da baƙo

Duk shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masara da dawa suka rufe gonakin Funtua da Bakori da Ƙafur da Malumfashi, asibitocin yankin kan cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro.

Iyaye da yawa sun san wannan abin mamaki: yara biyu a ɗaki ɗaya suke kwana, a kwano ɗaya suke cin tuwo, amma ɗaya ya yi zazzaɓin kwana biyu ya miƙe, ɗayan kuwa sai an kai ga ƙarin jini.

Likitoci sun ce dalilan suna da yawa. Akwai gidan sauro, akwai abinci, akwai saurin kai yaro asibiti ko jinkirinsa. Waɗannan su ne suka fi nauyi, kuma su ne ke hannun mutane.

To sai dai akwai wani ɓangare da yaro ke gada daga uwa da uba. Ya shafi wasu alamomi da ke jikin kusan kowace ƙwayar halittarsa, waɗanda masana ke kira HLA, da kuma wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira NK, waɗanda aikinsu ke nan duba waɗannan alamomi.

Faifan samfur

Wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dandume ya ga yadda ake ciniki. Mai kaya ba ya zazzage buhu gaba ɗaya. Ɗan kaɗan yake ɗebowa a faifai ya ajiye a gaba, mai saye ya duba, ya san abin da ke cikin buhun, ko tsabar kirki ce ko kuwa ƙwaro ya ci ta.

Kusan haka ƙwayoyin halittar jikin mutum suke yi.

Kowace ƙwaya tana sarrafa dubban nau'o'in furotin a cikinta. Tana kuma daddatsa kaɗan daga cikinsu zuwa 'yan gutsattsari, ta ɗora su a kan wani sinadari mai ɗan kwarmi a samansa, ta fito da shi bayan fatarta. Wannan sinadari shi ne HLA. Shi ne faifan.

Idan ƙwayar lafiyarta lau, samfurin da ke kan faifan na gida ne. Idan kuwa bairos ya shige ta, ko ta fara rikiɗewa zuwa sankara, to gutsattsarin baƙon furotin za su bayyana a kai.

Masu duba samfurin su ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Da zarar sun ga baƙon abu a faifai, sai su hallaka ƙwayar da ta fito da shi, tare da abin da ke cikinta.

Wani likita Bafaranshe, Jean Dausset, shi ne ya fara bayyana ɗaya daga cikin waɗannan alamomi a 1958, yayin da yake nazarin jinin mutanen da aka sha yi wa ƙarin jini. A 1974 Peter Doherty da Rolf Zinkernagel suka nuna cewa ƙwayoyin T ba sa ganin bairos sai a kan faifan gidansu. Dausset ya sami kyautar Nobel a 1980, su kuma a 1996. A 1987 ne Pamela Bjorkman da abokan aikinta a Jami'ar Harvard suka fito da siffar sinadarin, aka ga kwarmin da kuma abin da ke kwance a cikinsa.

Manyan faifan da ke kan kusan dukkan ƙwayoyin jiki iri uku ne: HLA-A da HLA-B da HLA-C. Mutum kan gaji uku daga uwa, uku daga uba. Nau'o'insu da aka rubuta a duniya sun kai dubun-dubata, kuma kowane nau'i da irin samfurin da ya fi iya ɗauka. Babu wani sashe na gadon halittar ɗan Adam da ya kai wannan bambanta tsakanin mutum da mutum.

Makasan da ba a koya wa kisa ba

Tsarin yana da ɓaraka a fili. Bairos mai wayo zai iya hana ƙwayar fito da faifan kwata-kwata. Idan babu faifai babu samfur, ƙwayoyin T su wuce ba su ga komai ba. Wasu bairos haka suke yi, haka ma ƙwayoyin sankara da dama.

A nan ne ƙwayoyin NK suka shigo.

An gano su a 1975, a Cibiyar Karolinska da ke Sweden, ta hannun Rolf Kiessling da Eva Klein da Hans Wigzell, da kuma a Amurka ta hannun Ronald Herberman. Abin da ya ba masanan mamaki shi ne, waɗannan ƙwayoyi suna kashe ƙwayoyin sankara a kwalbar gwaji ba tare da sun taɓa haɗuwa da su ba. Ƙwayoyin T sai sun yi kwanaki suna shiri kafin su iya yaƙar sabuwar cuta. Su kuwa waɗannan a shirye ake samunsu, shi ya sa aka ba su sunan da ke nufin makasa na ɗabi'a.

Sukan kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na dangin fararen ƙwayoyin jinin da suka fito daga ciki. Makaminsu wani furotin ne da ke huda fatar ƙwayar da suka kama, sannan su zuba wasu sinadarai ta kafar, waɗanda ke sa ƙwayar ta mutu daga ciki. Suna kuma fitar da wani sinadari mai suna intaferon-gama, wanda ke zaburar da sauran dakarun garkuwar jiki.

Tambayar da ta dami masana ita ce, ta yaya suke sanin wanda za su kashe?

Wani ɗalibi a Karolinska mai suna Klas Kärre ne ya kawo amsar a kundin digirinsa na uku a 1981, ya kuma tabbatar da ita da gwaji a kan ɓeraye a 1986. Ya ce ƙwayoyin NK ba baƙo suke nema ba. Alamar gida suke nema, kuma rashinta ne ke sa su kai hari.

Kärre ya sha ba da misali da rundunar ruwan ƙasarsa. A lokacin ana fargabar jiragen ƙarƙashin teku na ƙasashen waje a gaɓar Sweden, ana kuma son masunta su riƙa kai rahoto. Maimakon a ba kowane masunci littafi mai hotunan jiragen duniya duka, ya fi sauƙi a ba shi takarda ɗaya mai hotunan 'yan jiragen Sweden, a ce masa duk abin da ya gani wanda ba ya cikin takardar, ya yi waya.

Idan aka koma kasuwar hatsi, ƙwayar T ita ce mai duba tsabar da ke faifai. Ƙwayar NK kuwa ita ce mai lura da wanda ya ɗaure bakin buhu ya ƙi fito da faifai sam.

Birki da totur

A farkon shekarun 1990 aka fara gano abin da ƙwayoyin NK ke taɓa faifan da shi. Wayne Yokoyama ya gano na ɓeraye a Amurka. 'Yan'uwa biyu, Alessandro da Lorenzo Moretta, suka gano na mutane a birnin Genoa na Italiya. Daga baya aka sa wa iyalin na'urorin ji na mutane suna KIR.

Yawancinsu birki ne. Idan KIR ya taɓa HLA ɗin da ya dace da shi, sai ya aika saƙo cikin ƙwayar NK cewa ta dakata.

Ba kowane KIR ke gane kowane HLA ba. Dukkan nau'o'in HLA-C sun kasu gida biyu, C1 da C2, bisa bambancin ɗigo ɗaya tak a jikin furotin ɗin, kuma kowane gida da KIR ɗin da ke gane shi. A cikin nau'o'in HLA-B kuwa, waɗanda ke ɗauke da wata alama mai suna Bw4 ne ake ganewa, ta hanyar wani KIR da ake kira KIR3DL1.

Akwai kuma birki na biyu, wanda aka fahimci aikinsa a 1998. Wani ƙaramin faifai mai suna HLA-E ba ya iya fitowa waje sai an ɗora masa wani gutsure da aka yanko daga jikin su HLA-A da B da C. Wato shi shaida ne cewa ana nan ana ƙera sauran faifan. Idan bairos ya tsayar da ƙera su, HLA-E ma sai ya ɓace, birkin da ke dubansa ya saki.

Sakin birki kaɗai bai isa mota ta tafi ba, sai an taka totur. Ƙwayar da ke cikin wahala, ko saboda bairos ko saboda sankara, takan fito da wasu alamomin neman agaji a fatarta, ƙwayar NK kuma tana da na'urorin da ke jin su. Hukuncin kisa ko sakewa yana fitowa ne daga auna biyun, wane ne ya rinjayi wani.

Wannan ne ya sa jajayen ƙwayoyin jini ke yawo lafiya. Kusan ba su da HLA a jikinsu, amma ba sa fito da alamar neman agaji, saboda haka babu abin da ke taka totur.

Wani abin da ya ƙara rikita lissafin shi ne, HLA da KIR ba a wuri ɗaya suke ba a gadon halitta. HLA na kan kuromosom na 6, KIR na kan na 19, kuma kowanne gadonsa daban. Mutum zai iya gadon birki ba tare da ya gaji faifan da birkin ke ganewa ba.

Da an yi zaton irin wannan ƙwayar NK za ta far wa jikin mai ita. A 2005 aka nuna cewa akasin haka ne ke faruwa. Ƙwayar NK da ta tashi ba ta taɓa jin faifan gida ya taka mata birki ba, takan zama raggo, ba ta da kuzarin kisa. Wadda ta saba jin birkin sosai kuwa, ita ce ta fi zafi ranar da ta neme shi ta rasa. Ashe HLA ba dakatar da ƙwayoyin NK kaɗai yake yi ba, shi ne ma ke horar da su.

A 2013 wani nazari da aka yi kan mutane sama da 200 'yan ƙabilar Ga-Adangbe a Ghana ya tarar cewa babu mutum biyu a cikinsu da haɗin HLA da KIR ɗinsu ya zo ɗaya.

Dabarun ƙwayoyin cuta

Ƙwayar cutar HIV tana da wani furotin mai suna Nef, wanda ke janye HLA-A da HLA-B daga fatar ƙwayar da ta shiga, don ta ɓoye wa ƙwayoyin T. A 1999 masana a ɗakin binciken David Baltimore suka lura cewa Nef yana ƙyale HLA-C da HLA-E, wato dai faifan da suka fi taka wa ƙwayoyin NK birki. A 2016 an gano cewa nau'o'in HIV da yawa na rage HLA-C ɗin ma, ta hanyar wani furotin daban.

Duk da haka gadon mutum yana tasiri. Mary Carrington da abokan aikinta a Amurka sun ruwaito a 2002 cewa masu ɗauke da HIV da suka gaji wani KIR mai zaburarwa, KIR3DS1, tare da wani nau'i na Bw4, sun fi jimawa kafin cutar ta kai su ga ƙanjamau. Wannan jinkiri ne kawai, ba kariya ba. Maganin rage kaifin cutar shi ne abin da ke tsare rai, kowane irin HLA mutum ya gada.

Gwanin yaudara a wannan fage shi ne wani bairos da ake kira CMV, wanda akasarin yaran Afirka ta Yamma kan kamu da shi tun suna goye, yawanci ba tare da wata alamar ciwo ba, ya kuma zauna a jiki har abada.

CMV yana hana fito da faifan gida. Sannan ya ƙera nasa faifan na jabu, wanda ke taka wani birki mai suna LILRB1 fiye da yadda na gaskiya ke yi. Bai tsaya nan ba, yakan samar da irin gutsuren nan da HLA-E ke buƙata, don shaidar ta ci gaba da fitowa alhali an daina ƙera kayan.

Jiki ma bai zauna ba. A cikin mutanen da suka kamu da CMV, wani rukuni na ƙwayoyin NK yakan yawaita ya kuma daɗe, mai ɗauke da na'urar da ke ɗaukar HLA-E a matsayin umurnin kai hari maimakon na dakatawa. Za a sake haɗuwa da wannan rukuni a batun zazzaɓin cizon sauro.

Daga Malumfashi zuwa Gambiya

Yankin kudancin Katsina ba baƙo ba ne a tarihin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi. A shekarun 1970, lokacin yankin na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka gudanar da wani dogon bincike a ƙauyukan Malumfashi, wanda Farfesa Herbert Gilles na cikin jagororinsa.

An ƙidaya mutane, an auna jini, an rubuta yawan masu zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da sarar maciji. Rahotannin sun riƙa fitowa a mujallun likitanci daga 1977, kuma har yau ana komawa gare su.

Ɗaya daga cikin likitocin Zariya da suka yi nazarin ƙwayar sanƙarau a yankin shi ne Brian Greenwood, wanda ya shafe kusan shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken likitanci ta Birtaniya da ke can.

A wannan cibiya ce wani matashin likita, Adrian Hill, tare da Greenwood da wasu, suka kwatanta jinin yaran da zazzaɓi ya yi wa tsanani da na sauran yara. Sakamakon da suka buga a mujallar Nature a 1991 ya nuna cewa yaran da suka gaji wani nau'i mai suna HLA-B53 haɗarin zazzaɓi mai tsanani ya ragu gare su da kusan kashi 40 cikin ɗari.

HLA-B53 ya yawaita a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, amma yana da wuyar samu a Turai. Masanan suka ce mai yiwuwa zazzaɓin ne da kansa ya yawaita shi, domin masu shi sun fi tsira su hayayyafa, kamar yadda ya faru da jinin AS na amosanin jini.

Bayanin da suka kawo ya shafi hanta. Bayan cizon sauro, ƙwayar cutar takan yi kamar mako guda a cikin ƙwayoyin hanta kafin ta fantsama cikin jini, kuma ƙwayoyin hanta suna da faifai. A 1992 suka nuna cewa HLA-B53 na iya ɗaukar wani gutsure na furotin ɗin da ƙwayar cutar ke yi a hanta, ya nuna wa ƙwayoyin T.

Ya kamata a faɗi cewa da aka maimaita irin wannan nazari a gaɓar tekun Kenya ba a ga wannan kariya ba. Kuma a 2001 an sami HLA-B53 a cikin nau'o'in da ke da alaƙa da saurin ci gaban cutar HIV. Babu nau'in da za a ce shi ne mai kyau ko marar kyau. Kowanne da cutar da ya iya da wadda ta fi ƙarfinsa, kuma ga dukkan alamu shi ya sa al'umma ke riƙe da nau'o'i barkatai.

HLA-B53 na cikin masu ɗauke da alamar Bw4, wato ƙwayoyin NK ma suna karanta shi. A Thailand kuwa, wani nazari na 2012 ya danganta haɗin KIR2DL3 da C1 da ƙarin haɗarin zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Masu nazarin na ganin ƙwayoyin NK da suka cika zafi na iya jawo kumburin da ke cutar da yaron.

Shi dai Adrian Hill daga baya ya jagoranci cibiyar Jenner ta Jami'ar Oxford, inda aka samar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoban 2023, Nijeriya kuma ta fara yi wa yara ita a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024.

Maɓoya a cikin jini

Da ƙwayar zazzaɓin ta bar hanta, sai ta shige jajayen ƙwayoyin jini, inda babu faifan da zai tona mata asiri. Ƙwayoyin T masu kisa ba su da abin dubawa a nan.

Amma rashin faifan na nufin rashin birki ma. Tun 2002 Eleanor Riley da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa ƙwayoyin NK na cikin na farko da ke fitar da intaferon-gama idan suka haɗu da jinin da ƙwayar ta shiga, kuma zafin martanin ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum.

Idan kuma jiki ya riga ya san cutar, yakan samar da wasu furotin na kariya da ke manne wa jar ƙwayar da ta kamu. Ƙwayoyin NK suna da na'urar da ke kama wutsiyar waɗannan furotin, kuma wannan totur ne mai ƙarfi. Wani nazari da aka yi a Mali, wanda aka buga a 2019, ya tarar cewa yara da matasan da ke da yawan rukunin nan na ƙwayoyin NK masu daɗewa sun fi jure wa zazzaɓin a damina mai zuwa.

Ita ma ƙwayar zazzaɓin ta koyi sana'ar jabu. Tana da wani babban iyali na furotin da ake kira RIFIN, waɗanda take fito da su a fatar jar ƙwayar jinin. Masana a Jami'ar Osaka ta Japan sun gano a 2017 cewa wasu daga cikinsu na taka birkin LILRB1, wanda CMV ke takawa. A 2020 masana a Oxford suka nuna cewa RIFIN ɗin na kama birkin kusan ta inda HLA na gaskiya ke kama shi.

Bairos da ƙwayar zazzaɓi ba su haɗa dangi ba ko ta nesa, amma sun faɗa kan dabara ɗaya. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa birkin nan yana da muhimmanci a rayuwa da mutuwa.

Jijjiga

Inda ƙwayoyin NK suka fi yawa a jikin ɗan Adam ba fagen yaƙi ba ne. A watannin farko na juna biyu, kusan kashi 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jinin da ke bangon mahaifa ƙwayoyin NK ne, na wani nau'i na musamman da ba ya kisa sosai.

Ɗan tayi rabinsa na uba ne, saboda haka ga jikin uwa rabinsa baƙo ne. Ƙwayoyin mabiyiya da ke kutsawa cikin bangon mahaifa ba sa fito da HLA-A ko HLA-B. Suna fito da HLA-C da HLA-E da wani mai suna HLA-G. A cikin ukun, HLA-C ne ke bambanta sosai tsakanin mutane, kuma na uban yaron yana bayyana a wurin.

Aikin waɗannan ƙwayoyi na mabiyiya shi ne su buɗa jijiyoyin jinin mahaifa su faɗaɗa su, don jini ya wadaci ɗan tayi har ƙarshen ciki. Ƙwayoyin NK na uwa, idan aka ɗan zaburar da su, sukan fitar da sinadaran da ke taimaka wa wannan aiki. Idan birki ya yi yawa, sai aikin ya tsaya rabi.

Mabiyiyar da ba ta samun isasshen jini takan zuba wasu sinadarai cikin jinin uwa, waɗanda ke lalata jijiyoyinta. Bayan mako 20 na ciki sai hawan jini ya bayyana, furotin ya fito a fitsari, fuska da hannuwa su kumbura, ga ciwon kai da dishi-dishin gani. Idan ba a tare shi ba ya kai ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu ciki a arewacin Nijeriya.

A 2004 Ashley Moffett da Susan Hiby na Jami'ar Cambridge suka ruwaito cewa haɗarin ya fi yawa idan uwa ta gaji jerin KIR da birki ya mamaye daga iyayenta biyu, ɗan tayin kuma yana da C2. Nazarin da ya biyo baya ya nuna abin ya fi ƙarfi idan C2 ɗin daga uba ya fito.

Wancan bincike a kan matan Birtaniya aka yi shi. Wata likitar mata 'yar Uganda, Annettee Nakimuli, ta maimaita shi a kan mata sama da 700 a asibitin Mulago da ke Kampala. Sakamakonta na 2015 ya tabbatar da haɗarin, amma ya nuna cewa KIR ɗin da ke ba matan Afirka kariya daban yake da na Turawa. Wani nau'i ne na KIR2DS5 da aka fi samu a tsakanin 'yan asalin Afirka. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, abin da aka auna a Turai ba lallai ya yi daidai da Funtua ba.

Wannan bayani bai ɗora laifi a kan miji ko mata ba, domin babu wanda ya zaɓi abin da ya gada, kuma yawancin masu irin wannan haɗi lafiya lau suke haihuwa. Cikin fari, tagwaye, hawan jini tun kafin ciki da ciwon sukari duk suna ƙara haɗarin. Gwajin KIR ba ya cikin abin da ake yi wa mai ciki a asibiti. Abin da ke tare jijjiga shi ne zuwa awo, auna hawan jini da fitsari, da allurar maganiziyam salfet idan alamun sun tsananta. Matar da ta fara jijjiga asibiti take buƙata nan take, duk abin da dangi ke zaton ya jawo ta.

Dashen ɓargo

Likitocin dashe sun fi kowa sanin HLA. Kafin a dasa wa mutum ƙoda, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, ana duba dacewar HLA ɗin mai bayarwa da mai karɓa. A dashen ɓargo buƙatar dacewar ta fi tsanani, domin sabuwar garkuwar jiki ce gaba ɗaya ake shigarwa, kuma tana iya juyowa ta far wa jikin da ta shiga.

A 2002 Andrea Velardi da Loredana Ruggeri na birnin Perugia a Italiya suka nuna cewa wani lokaci rashin dacewar na da amfani. Sun yi wa masu wani nau'in sankarar jini dashe daga dangin da rabin HLA ɗinsu kaɗai ya dace. Inda ƙwayoyin NK na mai bayarwa suka nemi faifan da suka saba da shi suka rasa a jikin majiyyacin, sai suka far wa ragowar ƙwayoyin sankarar, dawowar cutar ta ragu ƙwarai. Sakamakon wasu cibiyoyin ya sha bamban da nasu, gwargwadon yadda kowace ke shirya dashen, amma an fara la'akari da KIR wajen zaɓen mai bayarwa a wasu wurare.

Ga iyalan da ke da mai amosanin jini, batun ya fi kusa. Dashen ɓargo na iya warkar da cutar, kuma an yi na farko a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Sakamako ya fi kyau idan mai bayarwa shaƙiƙi ne wanda HLA ɗinsa ya dace gaba ɗaya.

Tun da yaro na gadon jeri ɗaya cikin biyu na uwa da ɗaya cikin biyu na uba, damar kowane shaƙiƙi ya dace ita ce ɗaya cikin huɗu. Mai shaƙiƙai biyar yana da damar da ta haura kashi 75 cikin ɗari ta samun aƙalla ɗaya, kafin a cire waɗanda su ma suke da cutar. 'Yan uba kuwa, komai yawansu a gida, jerin uban kaɗai suke iya haɗawa da majiyyacin, sai fa idan iyayensu mata dangin juna ne, kamar yadda akan samu a gidajen da auren zumunci ya yi yawa.